Wane Mai, Maigida?

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya san ƙasar Ikara da Maƙarfi da Kudan, ya san cewa babur ya daɗe da gaje aikin jaki a wannan yanki na arewacin Jihar Kaduna. Shi ke fito da damin rake daga fadamun Maƙarfi zuwa bakin titi, shi ke ɗauko kwandon tumatir daga lambunan Hunƙuyi da Likoro, shi ke kai mai naƙuda asibiti da tsakar dare, kuma shi ke sada malamin firamare da makarantarsa a Kurmin Kogi ko Gubuci kafin a kaɗa ƙararrawa. Tun daga zamanin Honda da Suzuki da Yamaha, aka shigo zamanin Jincheng, har zuwa Bajaj da ya cika hanyoyi, jama'ar wannan yanki ba su rabu da bakanike ba, kamar yadda mai gona ba ya rabuwa da maƙeri.

Wannan rubutu ya ƙunshi labarin wani bakaniken babur ne a garin Maƙarfi, da yaronsa, da wani babur da ya zo musu da abin da ba su saba gani ba. An sakaya sunayensu domin kare mutuncinsu. Abin da ya faru a tsakaninsu kuwa ya shafi duk wanda Allah ya ɗora wa nauyin koyar da wani, ko da sifana yake riƙewa ko alli.

2.0 Maigidan Gareji

Bakaniken nan dattijo ne da ya haura shekara 50, ya kuma shafe kusan shekara 30 a cikin sana'ar. Garejinsa rumfa ce ta kwano a gefen hanya, da benci ɗaya, da akwatin kayan aiki, da tsohon faranti da ake wanke notuna a ciki. Mutane sun yarda da shi ƙwarai, domin tun babur yana nesa yakan faɗi abin da ke damunsa daga jin kukansa kawai. Ba a taɓa jin ya musanya wa wani kaya ba, ba a kuma taɓa jin ya karɓi kuɗin sabo ya sa tsoho ba.

Sai dai kuma yana da wata ɗabi'a da ya gada daga nasa maigidan, wato ba ya son tambaya. A ganinsa da ido ake koyon sana'a. Yaro ya tsuguna, ya miƙa sifana, ya zuba ido, wata rana hannunsa zai faɗa. Yaron da ya ce, "Maigida, me ya sa?" amsarsa ranƙwashi ne, ko kuwa a ce masa, "Makarantar boko ka ɗauki nan?" Saboda haka yaransa huɗu suka koyi yin shiru tun kafin su koyi kwance taya. Ƙaraminsu ɗan shekara 15 ne, ubansa ya kawo shi daga wani ƙauye na wajen Gimi, ya damƙa shi da goro da addu'a, ya ce, "Ga amana nan."

Akwai wani abu da ya kamata mai karatu ya sani tun a nan. Mafi yawan baburan wannan yanki da ke da hannun kuloci, da waya suke aiki. Idan mahayi ya matse hannun kuloci da hagunsa, wayar ƙarfe ce ke jawo wani ɗan ƙarfe a jikin inji, faifayen kuloci su saki juna, inji ya rabu da taya, giya ta shiga. Gyaran irin wannan ba ya wuce a ɗaure waya, ko a sassauta, ko a ɗiga mata mai, ko a sake ta idan ta tsinke. Wannan shi ne kulocin da dattijon ya sani kamar yunwar cikinsa.

3.0 Baƙon Babur

Wata rana da hantsi, a farkon hunturu, lokacin da kakar rake ta kankama, sai ga akori-kura ta tsaya a bakin garejin. Aka sauko da wani babban babur na hannu, ƙirar Japan, irin mai ƙarar nan da ake gani a tawagar manya. Mai shi wani saurayi ne ɗan kasuwar tumatir daga Ikara, wanda ya tara ribar shekaru ya saya. Bayan gaisuwa ya ce, "Baba, an ce in ba kai ba, sai dai in kai shi Kaduna. Hannun kulocin ne ya saki, ya yi laushi kamar ana matsa soso. Idan na sa giya ɗaya sai ya yi ƙara, ko na matse hannun har ƙarshe sai ya riƙa jan jiki yana son tafiya. Firi kuwa ba ta samuwa sai na kashe inji."

Dattijo ya zagaya babur, ya kai hannu inda ya saba samun waya, bai same ta ba. Abin da ya gani shi ne wani ɗan ƙaramin tanki mai murfi a kan kan babur, kusa da hannun hagu, da baƙin tiyo da ya fito daga jikinsa ya gangara ya shige gefen inji. Ya san irin wannan tanki a hannun dama na babura masu birkin faranti, amma a hannun kuloci bai taɓa kwance shi ba. A nan ne ya kamata ya ce, "Ban san wannan ba." Ya dubi yaransa sun zuba masa ido, ya dubi 'yan kallo da suka taru, kalmar ta yi masa nauyi. Sai ya ce, "Ƙaramin abu ne. Ka dawo jibi."

Da azahar aka aiko masa da rasuwar wani amininsa a Tashar Yari. Yana sa hula cikin sauri ya waiwayo ya ce wa ƙaramin yaron, "Kai, buɗe wannan tankin ka duba. In man ya yi ƙasa, ka ƙara." Ya hau babur ɗinsa ya tafi.

A nan harshe ya yi aikinsa. Kalmar "mai" a Hausa tana da faɗi. Fetur mai ne, gas mai ne, baƙin mai na inji mai ne, man birki mai ne, haka man gyaɗa da man shanu da man shafawa. Bahaushe yakan bambance su ne da kalmar da ke biye, ko kuwa da muhallin magana. Wanda ya san muhallin, kalma ɗaya ta ishe shi. Wanda bai sani ba, dole ya tambaya. Yaron ya buɗe murfi, ya ga ɗan baƙin ruwa a ƙasan tanki. Tambayar ta zo masa har baki: wane mai? Maigida ya riga ya tafi, manyan yaran kuma ya san dariya za su yi masa. Ya duba garejin, man da ya fi sani shi ne na inji. Ya ɗauko galan, ya cika tankin, ya matsa hannun kuloci sau da yawa don man ya sauka, ya rufe, ya goge, yana jin daɗin ya yi aiki.

Kwana biyu dattijon ya yi yana zaman makoki. Ranar da ya dawo ya taɓa hannun kulocin, sai ya ji abin ya ƙara lalacewa: in an matse ba ya komowa sai an jawo shi. Ya buɗe murfi, ya tarar robar da ke ƙarƙashinsa ta kumbura ta yamutse, ta ƙi komawa mazauninta. Ya sa yatsa ya shinshina, ya gane man inji ne. Ya ɗaga kai, yaron ya sunkuyar da nasa.

4.0 Tafiya Hunƙuyi

A daren nan dattijon bai yi barcin kirki ba. Hanyoyi uku ne a gabansa. Zai iya korar yaron, ya gaya wa duniya cewa sakarai ne ya ɓata aikin, kowa kuma zai yarda. Zai iya ce wa mai babur an cuce shi tun wajen saye, domin kayan hannu ba su da shaida. Ta ukun ita ce mai ɗaci, wato ya yarda cewa umarnin da ya bayar guntu ne, kuma ya bayar da shi guntu ne saboda shi kansa bai san ragowarsa ba. Da a ce yaron ya tsaya ya tambaye shi, da wace amsa zai ba shi? Wannan tunani ne ya hana shi sakat.

Da gari ya waye ya nufi Hunƙuyi, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Kudan, wajen wani tsohon bakaniken mota da ya girme shi. Tsohon ya yi ƙuruciyarsa a kan Fijo 504, motar da aka yi ta harhaɗawa a masana'antar Fijo ta Kaduna wadda ta fara aiki a 1975, ita kuwa kulocinta da mai yake aiki. Bayan sun gaisa, sun yi wa juna ta'aziyya, dattijon ya ce, "Yaya, yau ɗalibi ne ya zo maka." Ya kwashe labari ya faɗa masa bai rage komai ba.

Tsohon ya yi murmushi ya ce, "Matambayi ba ya ɓata." Ya ɗauki tsinke ya yi zane a ƙasa. Ya nuna masa cewa abin gida biyu ne da tiyo a tsakani. Na farko shi ne kulocin sama, wanda ke jikin hannu, yana da ɗan fistin da robobi, tankin mai yana bisansa. Na biyu shi ne kulocin ƙasa, wanda ke manne a gefen inji, shi ma da nasa fistin, amma ya fi na sama faɗi. Idan aka matse hannu, fistin na sama ya tura mai, man ya bi tiyo ya tura fistin na ƙasa, shi kuma ya tura wata siririyar sandar ƙarfe da ta ratsa inji, sandar ta ɗaga murfin da ke danne faifayen kuloci. Da yake fistin na ƙasa ya fi faɗi, ƙarfin yatsu huɗu yakan ninka kafin ya isa can. Ga shi kuma babu wayar da za ta yi tsatsa ko ta tsinke, ba a kuma bukatar ɗaurewa da sassautawa, domin abin yana daidaita kansa da kansa.

Wannan hikima tana da tarihi. Wani masani Bafaranshe mai suna Blaise Pascal, wanda ya rayu daga 1623 zuwa 1662, shi ne ya bayyana cewa idan aka danna ruwan da ke kulle a cikin mazubi, dannawar takan isa kowane sashe nasa ba tare da ta ragu ba. A 1795 wani Bature ɗan Ingila, Joseph Bramah, ya yi rajistar injin matsa kaya da ke aiki da wannan ƙa'ida. Jakin ɗaga mota na mai, da birkin mota, da hannun katafila, duk a kanta suke tafiya. Sharaɗinta guda ne: kada a sami komai a cikin hanyar sai ruwan. Ruwa ba ya matsuwa, iska kuwa tana matsuwa. Idan ƙwayar iska ta shiga tiyo, mahayi zai matse hannu, ƙarfinsa ya ƙare wajen matse iskar, abin da zai isa ƙasa bai kai ya raba faifayen ba. Wannan ita ce cutar da babur ya zo da ita tun farko. Robar kulocin ƙasa ta tsufa tana yoyo kaɗan-kaɗan, mai ya ja baya a tanki, iska ta sami ƙofa.

Game da man inji kuwa, tsohon ya girgiza kai. Ya ce robobin da aka yi domin man birki ba sa shiri da duk wani mai da aka tato daga fetur. Da sun haɗu sai roba ta sha, ta kumbura, ta toshe ɗan ramin da mai ke komawa tanki, fistin ya maƙale. Wankewa kaɗai ba ta magani. Dole a sake duk wata roba da man ya taɓa, har da tiyon. Sa'an nan ya tambaye shi, "Me aka rubuta a kan murfin?" Dattijon ya yi shiru, domin bai duba ba. Ashe amsar tambayar yaron tana rubuce a kan murfin da suka yi ta buɗewa: DOT 4.

Daga Hunƙuyi bai zarce gareji ba, sai da ya je Ikara ya sami mai babur a rumfarsa. Ya ce, "Ɗana, aikinka ya ɓaci a hannuna. Ban san irin kulocin ba, na ƙi faɗa maka. Kayan da suka lalace ni zan saya. Ka ba ni mako ɗaya." Saurayin ya ɓata rai, ya ce da tun farko an gaya masa da ya san inda ya nufa, ga shi ana tsakiyar kasuwa. Dattijon bai musa ba. Daga bisani saurayin ya ce, "Shi ke nan, Baba. Tunda ka tako da ƙafarka, na ba ka." Kayan ba su samu a Sabon Garin Zariya ba, sai daga Kano aka aiko da su, kuɗinsu kuma ya cinye abin da garejin ke samu a kwanaki masu yawa.

5.0 Fitar da Iska

Ranar da kaya suka iso, tsohon Hunƙuyi ya zo da kansa ya zauna a kan benci. Aka kwance gidajen biyu, aka wanke su da sabon man birki, aka sa sababbin robobi da sabon tiyo, aka goge sandar ƙarfen da dattin sarƙa ya lulluɓe. Saura aiki na ƙarshe, wanda makanikai ke kira bilidin. Kalmar aro ce daga Ingilishi, asalin ma'anarta fitar da jini, kuma ta dace, domin aikin ya yi kama da na wanzami mai ƙaho: a buɗe ƙofa kaɗan, a fitar da abin da ba a so, a rufe.

Aiki ne na mutum biyu, ɗaya a sama wajen hannu, ɗaya a ƙasa wajen inji. Manyan yaran suka matso, kowa yana sa ran shi za a kira. Dattijon ya kira ƙaramin, wanda tun ranar da abin ya faru bai ƙara haɗa ido da kowa ba. Ya ce, "Zo nan. Karanta mini abin da ke kan murfin nan." Yaron ya karanta. Ya miƙa masa sabuwar robar mai da ba a ɓalle bakinta ba, ya ce, "Wannan fa?" Ya karanta, iri ɗaya ne. Ya ce, "To, shi ne man. Ranar nan ban faɗa maka ba, domin ni ma ban sani ba."

Ga yadda aikin ya gudana. Da farko aka tsayar da babur a miƙe, aka juya kansa har tankin ya daidaita bai karkace ba. Aka shimfiɗa tsumma a kan tankin fetur da duk inda ke da fenti, saboda man birki yana cin fenti. Aka cika ɗan tankin. A jikin kulocin ƙasa akwai wani ɗan noti mai rami a tsakiya, wanda aka yi musamman domin fitar da iska. Aka zura masa sifana lamba 8, aka cusa siririn tiyo mai haske a bakinsa, aka tsoma ɗaya bakin tiyon cikin kwalba mai ɗan mai a ƙasanta, don kada iska ta sami hanyar komawa.

Da yake an kwance komai, hanyar duk iska ce, matsa hannu kaɗai ba zai kama da wuri ba. Tsohon ya sa aka samo babban sirinji sabo, irin wanda ake yi wa shanu allura da shi, aka cika shi da mai, aka tura daga notin ƙasa zuwa sama a hankali. Hikimar ita ce iska sama take so, saboda haka gara a kora ta inda ta nufa. Yaron yana kallon tanki ya ga kumfa tana ɓullowa, mai yana tasowa, yana rage shi kada ya zuba.

Sa'an nan aka shiga zagayen da ke bukatar kunne. Dattijon ya tsuguna a ƙasa da sifana, yaron yana tsaye a kan hannu. Kalmomi uku ne kawai a tsakaninsu.

"Matsa."

Yaron ya matsa hannun sau huɗu, a hankali.

"Riƙe."

"Na riƙe, Maigida."

Dattijon ya sassauta noti kamar rubu'in juyi. Mai ya fito cikin tiyo mai haske da jerin ƙwayoyin iska kamar tsakiya. Ya ɗaure notin.

"Saki."

Tsohon ya yi musu kashedi cewa duk aikin yana rataye ne a kan jerin nan. Idan na sama ya saki hannu alhali noti yana buɗe, zai zuƙo iska ya mayar da aiki baya. Idan na ƙasa ya buɗe kafin a riƙe, babu abin da zai fito. Idan kuma aka shagala tanki ya ƙafe, an koma farko. Don haka na ƙasa ba ya taɓa noti sai ya ji amsa daga sama, na sama kuma shi ne idon na ƙasa a kan tanki. A zagaye na shida sai yaron ya ce, da murya ƙasa-ƙasa, "Maigida, dakata. Man ya yi ƙasa." Garejin ya yi tsit, domin ba a taɓa jin yaro ya ce wa maigida ya dakata ba. Dattijon ya ce, "Madalla. Ƙara." Yaron ya ɗan yi jim, ya ce, "Wane mai, Maigida?" Tsohon Hunƙuyi ya fashe da dariya har da tafi, dattijon ma bai iya daurewa ba.

Suka ci gaba har mai ya riƙa fitowa garau babu kumfa. Duk da haka hannun bai gama kamawa ba, saboda iska takan laɓe a lanƙwasar tiyo da wajen notin da ya haɗa tiyo da kulocin sama. Aka bi tiyon ana ƙwanƙwasa shi da gindin sukudireba, aka riƙa ɗan taɓa hannun ana saki, ƙananan ƙwayoyi suna tasowa cikin tanki. Da magariba ta yi aka matse hannun aka ɗaure shi da roba, aka bar shi ya kwana. Da safe aka kwance, aka sake zagaye biyu.

Tsohon ya riga ya faɗa musu cewa kada su jira hannun kuloci ya yi tauri kamar na birki, domin shi sifirin yake turawa, dole ya tafi har ƙarshe. Alamar nasara ita ce a ji nauyinsa tun daga farkon matsawa, ya kuma tafi bai ɗaya. Aka ɗaga tayar baya, aka sa giya ɗaya, aka matse hannu, taya ta juya da hannu ba gardama. Aka tayar da inji, giya ta shiga salin-alin, firi ta samu. Aka daidaita mai a tsakanin layukan tanki biyu, aka mayar da roba da murfi, aka wanke inda mai ya ɗiga da ruwa.

6.0 Abin da Aka Faɗa wa Mai Babur

Da saurayin ya zo ɗaukar babur ɗinsa, dattijon ya zaunar da shi, ya tara yaransa, ya maimaita abin da ya koyo, domin rigakafi ya fi magani.

Na farko, murfi shi ne malami. Abin da aka rubuta a kansa shi ake zubawa. Haruffan DOT suna nuni ne ga ma'aikatar sufuri ta Amurka, wadda ta tsara ma'aunin. DOT 3 da DOT 4 da DOT 5.1 dangin juna ne, amma DOT 5 jinsinsa daban, ba a gauraya shi da su. Bugu da ƙari, akwai wasu baburan Turai da kulocinsu ke amfani da wani mai na musamman da aka tato daga fetur, waɗanda man birki ne ke lalata nasu robobin. Kama da wane ba ta wane.

Na biyu, man birki yana shan danshi daga iska. Sabon DOT 4 ba ya tafasa sai zafi ya kai aƙalla digiri 230 a ma'aunin Salshiyas, amma idan ya sha ruwa yana iya saukowa zuwa wajen digiri 155. Ruwan kuma yana kawo tsatsa da dauɗa a cikin gidajen biyu. Saboda haka ake sake man duk bayan shekara biyu, ko da zarar ya yi duhu. A ƙasa mai damina mai ƙarfi irin ta Zazzau, wannan ba abin wasa ba ne. Haka kuma ba a amfani da ragowar man da aka bari a buɗe, ko wanda ake aunawa a kwalba a bakin hanya.

Na uku, mai ba ya ƙonewa, ba ya kuma ƙarewa da kansa. Idan ya ragu, akwai inda yake yoyo, a nemo wurin. A irin wannan babur ma, yayin da faifayen kuloci ke cinyewa, man tasowa yake yi a tanki, shi ya sa ba a cika shi fal.

Na huɗu, tsabta. A goge murfi kafin a buɗe, musamman da hunturu, domin ƙwayar ƙura ɗaya tana iya toshe ramin komawar mai. A riƙa share dattin sarƙa da ke taruwa a wajen kulocin ƙasa, a kuma duba tiyo ko ya tsage ko ya kumbura.

7.0 Kammalawa

Saurayin ya hau babur ɗinsa ya kama hanyar Ikara. Dattijon ya yi asarar kuɗi da mako guda, amma sunansa bai zube ba, hasali ma labarin tafiyarsa Ikara ya fi labarin ɓarnar yaɗuwa. Yaron bai koma ƙauye ba. Shi ne daga baya ake turo wa duk babur mai birkin faranti da ke bukatar bilidin, kuma an san shi da karanta murfi kafin ya taɓa galan.

Ɗalibin da ke shirin zama malami zai tarar da irin wannan gareji a ajinsa. Zai faɗi kalma yana ganin ta fito sarai, alhali tana da fuska biyar a kunnen yaron da bai san muhallinta ba. Zai kuma gamu da ranar da za a kawo masa abin da bai sani ba, ga idanu 60 ko fiye a kansa. Ƙarfin malami, komai yawansa, ta hanyar magana yake isa ga ɗalibi, kuma tsoron tambaya yana cinye shi a hanya kamar yadda iska ke cinye ƙarfin hannu a cikin tiyo. Ba a ganin wannan tsoro, sai dai a ga aiki ya ƙi tafiya. Dattijon Maƙarfi bai daina faɗa ba, domin hali zanen dutse ne, amma tun daga ranar nan, duk lokacin da ya ba da umarni yakan tsaya a bakin rumfa ya ce, "Akwai tambaya?" Ba ya kuma tafiya sai ya ji amsa.

Tambayoyi

1. Kawo ma'anoni biyar na kalmar "mai", ka sa kowace a cikin jimla yadda muhalli zai fayyace ta.
2. Tsamo kalmomin aro goma daga wannan rubutu, ka bayyana sauye-sauyen sauti da suka samu kafin su zauna a Hausa.
3. Bayyana matakan fitar da iska daga kulocin mai bi da bi, cikin kalmominka.
4. Wa ya fi laifi tsakanin maigida da yaronsa? Kafa hujja daga cikin labarin.
5. Rubuta insha'i mai shafi biyu a kan wata rana da rashin tambaya ya jawo asara a makaranta ko a gida.